Ranar da Aka Kifar da Teburin Gwaggon Ƙofa

Rumfuna biyar ne a jere suna fuskantar ƙofar makarantar firamaren, ta tsakiyar ita ce ta matar da yara suke kira Gwaggon Ƙofa. Sunan ya bi ta har gida, don mijinta ma in yana son tsokanarta da shi yake kiranta. Doguwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta tun daga yatsu har gwiwa duk ɗige-ɗigen ƙunar mai ne. Shekara goma sha tara ta yi a wurin. Ta fara da kasko ɗaya da 'yar kujera a shekarar da mijin nata, direban babbar mota, ya faɗo daga saman kaya ya bugu a ƙashin baya, tuƙi ya gagare shi. Da kaskon nan ta riƙe gida, da shi 'ya'yanta huɗu suka yi karatu, babbar har ta zama malama a wata makaranta can gaba.

Kayan sana'arta ba su da yawa. Soyayyen dankali ne, da ƙullin fulawa mai sukari da take jefawa a mai ya kumbura, sai wani jan lemo da take haɗawa da garin kala na kanti da sukari, ta ƙulla a leda ta jera cikin ƙanƙara. Abin alfaharinta ɗaya ne, kuma ba ta gajiya da faɗinsa: tun da ta kafa kasko ba a taɓa cewa ga yaron da ya ci nata cikinsa ya ɓaci ba. Gaskiya ne kuwa. Ba ta barin mai ya yi baƙi, tana goge teburinta har sai ledar ta yi ƙyalli, ƙuda kuwa sai dai ya leƙo ya wuce.

A damanta akwai Mai Lemo, mai firji biyu da kwalaben lemo kala-kala, shi ne shugaban 'yan layin. A hagunta akwai Gajeriya mai dafa taliyar leda, wadda suka yi shekara shida ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, tun wata rigima a kan zubar da ruwan wanke-wanke. Sauran biyun mai burodi ne da mai alewa da biskit.

Cikin duk yaran da ke cika mata benci, akwai ɗaya da ta shiga ranta. 'Yar wani tela ce, mahaifiyarta ta rasu tana shekara biyar. Shagon telan yana can cikin kasuwa, saboda haka tun bakwai na safe yake sauke ta daga babur a gaban rumfar.

"Gwaggo, ga 'yarki nan," yakan ce. "Abin da take so ki ba ta."

Abin da take so kuwa bai wuce fulawar nan da jan lemo ba. Ta ci da safe, ta ci in an fito hutun tara, ta kuma ci bayan an tashi tana jiran babanta har la'asar. In sun koma gida sai ta ce ta ƙoshi, shi kuma ya ga yarinya ba ta kukan yunwa, sai hankalinsa ya kwanta. Haka aka yi kusan shekara uku. Gwaggo tana ce mata Auta, tana ware mata wadda ta fi soyuwa. A 'yan watannin ƙarshe ta lura yarinyar tana yawan kifa kai a tebur, kuma ta ɗauki wata ɗabi'a ta roƙon ƙanƙara tana taunawa ƙurus-ƙurus. Dariya abin ya riƙa ba Gwaggo.

"Ke Auta, za ki ƙarar mini da ƙanƙara lemona ya yi zafi."

Ranar wata Talata, an koma aji daga hutun tara, Gwaggo tana kwashe suyar ƙarshe sai ta ji ihu daga cikin makaranta. Mai gadi ya wangale ƙofa, wani malami ya fito a guje da yarinya a kafaɗa, hannuwanta suna reto. Takalmin yarinyar Gwaggo ta fara ganewa kafin ta ga fuskar, Auta ce. Gaban rigar makarantar ya yi jajawur, bakin ma haka.

"Wayyo, jini take amai!" in ji wata mai wucewa.

Ba jini ba ne, jan lemo ne. Gwaggo ta sani, don ita ta ƙulla shi da hannunta. Aka tsayar da tasi aka wuce da yarinyar.

Kafin rabin awa labari ya zagaye unguwa, kuma duk lungun da ya shiga sai ya fito da ƙari. Wani ya ce yara uku ne, wani ya ce yarinyar ta riga ta cika a hanya. Iyaye suka yi ta ɓullowa, wasu matan hannunsu duk kumfar wanki. Suka yi wa rumfar zobe. Fuskoki ne da ta sani, wasu ita ta ciyar da su suna yara a kan wannan bencin.

"Me kika zuba musu?" wata uwa ta daka mata tsawa. "Faɗi me kika zuba!"

"Wallahi abin da nake zubawa kullum ne. Ku tsaya ku ji—"

Ba wanda ya tsaya. Wani ƙato ya sa ƙafa ya ture teburin, ya kife, dankali da ledojin lemo suka watse har cikin kwata. Gefen teburin ya daki murhu, kaskon mai ya karkata, ga kuma ƙananan yara biyu da suka kutso tsakanin ƙafafun manya suna kallo. Gwaggo ba ta nemi tsumma ba, ta cafke kunnen kaskon da tsirarar hannu ta daidaita shi. Ba ta ji zafin ba sai daga baya. Mai Lemo ya ja ƙofar rumfarsa rabi ya tsaya daga ciki. Murya ɗaya ce ta tashi saboda ita, kuma daga inda ba ta zata ba.

"Haba jama'a, ku bari hukuma ta zo mana!" in ji Gajeriya. "Ko kashe ta za ku yi?"

Da duba-gari ya iso, ya ɗebi mai a kwalba, ya ɗebi garin kalar da sauran fulawa, ya sa kwaɗo ya kulle rumfar, ya manna takarda a ƙofa. Babbar 'yar Gwaggo ta baro ajinta ta zo tana haki.

"Inna, taso mu tafi gida."

"Asibiti za ni."

"Inna, dangin mutumin nan suna can. Yaga ki za su yi."

"To su yaga ni. Ki je ki gaya wa babanku kada ya ji a bakin mutane."

A barandar ɗakin yara ta sami telan zaune a benci, tef ɗin awo har lokacin yana rataye a wuyansa. Ƙannensa mata biyu suna gefensa. Ta yi sallama, ba wanda ya amsa. Ta sami ƙarshen bencin ta zauna, ta ɓoye hannun da ya ɗuri ruwa cikin mayafi. Ta yi ta bin lissafin abin da ta yi da safe, ɗaya bayan ɗaya: ruwan da ta dama lemo da shi, buhun fulawar da ta buɗe jiya, hannunta da ta wanke. Ba ta ga inda ta kuskure ba, kuma rashin ganin ya fi komai tayar mata da hankali.

Can wajen ƙarfe uku wata nas, mace mai manyanta da tabarau, ta leƙo ta ce uban yarinya ya shigo, da duk wanda ya san abin da take ci. Telan ya miƙe, ya nuna Gwaggo da haɓa ba tare da ya dube ta ba.

Yarinyar tana kwance, ta farfaɗo, an ɗaura mata ruwa. Nas ɗin ta ja fatar ƙasan idonta da yatsa.

"Ku duba nan. Me kuka gani?"

Fari ne fat. Ta juya tafin hannun yarinyar, shi ma haka.

"Mama, ke kike ba ta abinci? Me take ci da safe?"

Gwaggo ta faɗa.

"Da rana fa?"

Ta sake faɗa. Abu ɗaya ne.

"Kuma?"

"Shi ke nan."

"Ƙwai? Wake? Kifi? Ganye? Ko lemun ɓawo?"

Gwaggo ta dubi telan, telan ya dubi ƙasa.

"Babu guba a cikin yarinyar nan," in ji nas ɗin. "Jininta ne ya yi ƙasa sosai, shi ya sa ta faɗi. Akwai tsutsar ciki, za mu yi maganinta. Amma babban abin shi ne jikinta bai samun abin da zai yi jini da shi."

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Kenan ba abincina ba ne."

Nas ɗin ta cire tabarau ta dube ta, ba da faɗa ba.

"Mama, abincinki bai ba ta guba ba. Amma shekara uku tana cika cikinta da shi, ba abin da ya ƙara mata. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Duk wata sai an kawo mana irinta, cikinsu a cike, jikinsu ba komai."

Aka ce za a ƙara wa yarinyar jini. Gwaggo ta miƙa hannu, sai a lokacin aka ga ƙunar. Maimakon a ɗebi jininta, ɗaure mata hannu aka yi. Na uban aka ɗiba.

Kwana tara rumfar tana kulle. Da sakamako ya fito, duba-gari ya zo da kansa ya cire kwaɗon, ya ce ba a sami komai ba, ta ci gaba da sana'arta. Wasu daga cikin iyayen da suka yi mata ihu suka riƙa wucewa suna sunkuyar da kai. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. A wurin Gwaggo kuwa sai a lokacin ta fara, don cikin kwanakin nan sau huɗu tana komawa wurin nas ɗin da tambayoyi, har matar ta zana mata hoton faranti a bayan wata takarda ta rarraba shi gida-gida.

Ranar da ta sake buɗewa babu jan lemo. Akwai dafaffen ƙwai, da wake da aka dafa da kifi, da dankalin da aka rage wa mai aka haɗa da kabeji da karas, da yankakken lemun ɓawo, da tulun ruwan sanyi. Yara suka fito tara a guje kamar yadda suka saba, suka yi cirko-cirko a gaban teburin.

"Gwaggo, wannan ai abincin asibiti ne!" wani mai wayo ya ce. Aka kwashe da dariya, suka watse zuwa dama da hagu.

Sati biyu tana komawa gida da kwantai. Mijinta ne ya zama mai ɗanɗano. Yana kishingiɗe a tabarmarsa da filo a baya, ta miƙa masa cokali, ya tauna yana lumshe ido.

"Gwaggon Ƙofa, in dai wake ne na ci na shekara. Ki tausaya wa mutanen ɗakin nan."

Amma shi ne ya ba ta shawarar ta yanka ganyen ƙanana yadda ba za a iya tsince shi ba, ta soya shi cikin ƙwai ta sa a burodi. Wannan ya karɓu. 'Yan aji ɗaya da biyu suka fara dawowa. Sai dai ta lura da abu guda: yaro zai ci nata, ya taka taku uku ya ɗora kwalbar lemo da alewa a kai, wasu kuma ko kallon teburinta ba sa yi tunda ga taliya can tana ƙamshi. Ita kaɗai ba za ta iya ba.

Tana cikin tunanin yadda za ta tunkari 'yan layin sai shugabar makaranta ta riga ta. Ta aiko da takarda cewa daga zango mai zuwa za a riƙa kulle ƙofa lokacin tara, sai dai in masu abinci sun gyara abin da suke sayar wa yara. Kafin azahar kowa a layin ya yanke cewa Gwaggo ce ta kitsa. Washegari ta tarar an zuba mata yashi a tulun ruwa. Ta zubar, ta wanke tulun.

Mai Lemo ya kira taro ranar Asabar da hantsi a cikin rumfarsa. Wuri ne matsattse, firji biyun suna gurnani, mutum biyar a kan akwatunan kwalabe, gwiwa na gugar gwiwa. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Gwaggo, ke babba ce, ba na son in yi miki rashin kunya. Tsautsayi ya same ki, mun jajanta. Amma don an kifar da teburinki ba sai kin kifar da na kowa ba."

"Ban je wurin shugabar makaranta ba, ƙanena."

"To wa ya je? Wa ke yawon asibiti kullum kamar mai neman aiki?"

Mai alewa ya yi dariya. Gwaggo ta fiddo takardar nas ɗin daga jaka, ta fara bayani: ba cewa aka yi a daina sana'a ba, a rage sukari, a sa ƙwai ko ganye a taliya, mai burodi ya haɗa da wake ko kifi, a ajiye ayaba da lemun ɓawo kusa da biskit.

"Mu ba likitoci ba ne," in ji Mai Lemo. "Yaro ya zo ya ce ga abin da yake so, na ba shi. Laifin iyayensa ne, ba nawa ba."

"Ni ma haka na ce, shekara uku."

"Wannan matsalarki ce."

Nan fa ranta ya ɓaci, ta faɗi abin da ba ta yi niyyar faɗa ba.

"'Ya'yanka uku suna makarantar nan. Kullum da kular abinci suke zuwa daga gida. Ranar da na tsakiyar ya buɗe firjin nan ya ɗauki kwalba, a gabana ka ƙwace ka ce zai lalata masa haƙora. To na wa ne ba sa lalacewa?"

Mai Lemo ya miƙe tsaye har akwatin da yake kai ya faɗi, kwalabe suka yi ƙara. Ya tsaya a kanta yana huci, idanunsa sun kaɗa. Mai burodi ya riƙe masa gefen riga.

"Fita mini daga rumfa," Mai Lemo ya ce a hankali.

Ta tattara takardarta ta fita. Ta kai bakin titi, idonta ya cika da ƙwalla, tana cewa a ranta ta ɓata komai da bakinta, sai ta ji takun silifa a bayanta. Gajeriya ce.

"Ke kam bakinki ba ya da linzami," in ji ta. Ta gyara ɗankwali. "Ganyen nan da kike sawa a ƙwai, kafin ki soya kike zubawa ko bayan?"

Ba a shirya gaba ɗaya ba. Gajeriya ta fara sa ƙwai da kabeji a taliyarta, ta rage garin ɗanɗanon da ke zuwa cikin ledar zuwa rabi. Mai burodi ya biyo baya bayan sati uku, da ya ga yara suna sayen burodinsa suna kai wa Gwaggo ta zuba musu ƙwai. Mai alewa ya ajiye tiren ayaba a gaban tebur don idon shugaba, alewar kuma tana ƙasa cikin kwali, kowa ya sani. Shugabar makaranta ta zagaya layin da kanta a ƙarshen zango, ta bar ƙofa a buɗe. Mai Lemo kuwa ya kwashe firjinsa ya koma bakin tashar mota. Har yau in sun haɗu a hanya sai ya tsallaka titi, kuma Gwaggo ba ta daina jin ciwon tona masa asiri a gaban mutane ba, ko da yake ba ta taɓa cewa ƙarya ta yi ba.

Yarinyar ta warke. Sai dai telan ya mayar da ita wurin ƙanwarsa a wata unguwa, aka canja mata makaranta. Sau ɗaya ya tsaya da babur a gaban rumfar, bai sauka ba, ya ce, "Gwaggo, ni ma da laifina," ya ja ya tafi.

Shekara biyu ke nan da faruwar abin. Gwiwoyinta sun fara ciwo, yanzu a zaune take yawancin aikin. Duba-garin nan ya gano cewa masu abinci ba sa sauraron mai takarda da biro, amma suna ɗan sauraron mai ƙunar mai a hannu, shi ya sa duk ranar Alhamis yake zuwa ya ɗauke ta zuwa ƙofar wata makarantar. Ba ta iya jawabi ba. Murhu take kafawa a gabansu ta dafa, ta bar yara su ci, sannan ta ba da labarin abin da ya same ta ba tare da ta rage nata laifin ba. A wasu wuraren ana karɓarta, a wasu a bar ta ita kaɗai da tukunyarta.

Inda za su je wannan Alhamis ɗin rumfuna goma sha ɗaya ne, kuma tun ranar Litinin shugabarsu ta aiko cewa kada tsohuwar nan ta kuskura ta taka musu layi. Babbar 'yarta ta ce ta haƙura da wannan. Gwaggo ta ce to, za ta duba. Ranar Laraba da yamma kuma ta aiki a sayo mata kiret biyu na ƙwai, ta jiƙa wake a babbar roba.